Yadda za ki kula da kyandir ɗin kakin zuma a ɗakin haya

Sana'ata zuba kyandir ce a nan Aboabo, cikin Kumasi, kuma kakin daga hannun masu kiwon zuma na wajen Techiman da Kintampo nake saro shi. Duk lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki a nan Ghana, ya matsa ciniki yakan tashi, ƙorafin kuma ɗaya ne: ya fi na farafin tsada. Haka ne. Sai dai kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 63, shi ya sa yake ci a hankali. Amma 'yar'uwa, wannan auki ba za ki gan shi ba in kin bar lagwani yadda ya ga dama.

Kafin ki ƙyasta ashana, kowane lokaci, sa almakashi ki rage lagwanin ya dawo kamar milimita 6, tsawon ƙwayar shinkafa ke nan. In ya yi tsawo harshen wutar zai miƙe yana rawa, ya yi hayaƙi, ya baƙanta miki silin, kyandir ɗin kuma ya ƙare da wuri. In kin ga baƙin dunƙule a kansa, kashe ki yanke shi. In kuwa kin zarce da yanka har wutar tana nutsewa, tsiyaye kaɗan daga narkakken kakin.

Mai kauri yana son haƙuri a kunnin farko. Ki bar shi har narkewar ta kusa kai baki, wato kusan awa guda ga kowane inci na faɗinsa. In kika riƙa kunnawa kina kashewa bayan minti goma, rami zai haƙa a tsakiya, gefe ya tsaya a banza. Kada dai ya wuce awa 4 a jere.

Wurin ajiyewa ne ya fi damuna. Ɗigawa a kan tebur ko kan talabijin a manna kyandir, wannan ɗabi'a a daina ta, balle kujerar roba. Samo farantin ƙarfe ko kasko, zuba yashi, ki kafa shi a ciki. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce tazarar santimita 30 daga duk abin da zai iya kamawa. Ni a ɗaki ɗaya mai gidan sauro da labule da kaya a rataye, mita guda nake cewa, tukunyar gas kuma ko kusa. Ga abin da mutane ke mantawa: in an ɗauke wuta, ki kashe makunnin fanka. Ana maidowa za ta tashi ta kaɗa labule, ke kuwa kina tsakar gida kina hira. Lokacin hunturu taga ma a rufe ta. Yara da kuliya, kin san halinsu. Zuwa bayi aikin tocila ne, kuma da zarar kin fara gyangyaɗi, kashe.

Wajen kashewa, sa 'yar waya ki tsoma lagwanin cikin narkakken kaki, ki ɗago shi ya miƙe. Ba hayaƙi, ba fantsama. Ruwa kuwa kul, fallatsa kakin yake yi har da wutar. In ya kama sosai ki kife masa murfin tukunya, in ya fi ƙarfinki fitar da yara ki kira 'yan kwana-kwana a 192.

Ki naɗe na ajiya a takarda, nesa da rana da zafin kwano, don lanƙwashewa yake. Farar ƙurar nan da ke fitowa a jikinsa ba lalacewa ba ce, halin kaki mai kyau ne, tsumma mai laushi ya isa. In ya rage kamar santimita 2 ki daina kunnawa, ki tara guntayen. Za a iya narka su a gwangwani, amma gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi zai zauna, ba kai tsaye a kan kurfoti, wato murhun gawayi, ba.