Yadda ake renon ma'o hau hele a lambun gida a tsibiran Hawai

Ma'o hau hele wani tsiro ne mai fure rawaya wanda ba ya fitowa da kansa a ko'ina a duniya sai a tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik. Masana suna kiransa Hibiscus brackenridgei, kuma ɗan'uwan rama da yakuwa ne, don haka wanda ya saba da ganyen rama mai yatsu da furen kuɓewa zai gane zubinsa da zarar ya gan shi. A shekarar 1988 jihar Hawai ta ɗauke shi a matsayin furenta na hukuma, amma a 1994 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin tsirran da ke fuskantar ƙarewa, saboda awaki da aladu da aka kawo daga waje sun cinye shi, ciyayi baƙi sun danne shi, gobarar daji kuma ta ƙone busassun dazuzzukan da yake rayuwa a cikinsu. A irin wannan hali, lambun gida ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ake adana irinsa.

Abu na farko shi ne inda za a samo tsiron, kuma a ganina nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Haramun ne a doka mutum ya je daji ya tuge shi ko ya tsinko 'ya'yansa ba tare da izini ba. Ana sayensa ne a wurin masu renon tsirrai da hukumar kula da filaye da albarkatun ƙasa ta jihar ta amince musu, kuma yana zuwa da alamar da ke shaida cewa a gandun reno aka haife shi. Ya kamata mai saye ya tambayi daga wane tsibiri asalin tsiron ya fito, domin na Owahu ya bambanta da na Mawi da Lanai, kuma idan aka shuka su kusa da juna ƙwari za su gauraya barbarinsu, a sami irin da ba na nan ba, ba na can ba, wanda ba zai amfani masu mayar da tsirrai daji ba. A rubuta asalin a ajiye.

Wurin shuka ya zama fili mai samun rana tun safe har yamma, da ƙasa mai saurin tsotse ruwa. Idan ƙasar gidan laka ce mai riƙe danshi, sai a tayar da kunya a gauraya ta da tsakuwar dutsen aman wuta, wadda take da yawa a tsibiran. A guji inda iska take kaɗawa da ƙarfi, saboda saiwarsa ba ta nutsawa sosai, kansa kuma yana yin nauyi, don haka ƙaramin tsiro yakan buƙaci a kafa masa sanda. Sunansa ma daga wannan ɗabi'a ya samo asali: a harshen mutanen Hawai yana nufin koren hau mai tafiya (hau sunan wata bishiya ce 'yar'uwarsa), domin idan ya kife rassansa sukan yi saiwa a inda suka taɓa ƙasa.

Kuskuren da ya fi kashe wannan tsiro a gidaje shi ne yawan ban ruwa. Mutum yakan ji tausayinsa saboda ƙarancinsa, ya riƙa shayar da shi kullum, alhali ɗan busasshen wuri ne, saiwarsa kuma tana ruɓewa cikin danshi. A makonnin farko bayan dashe a ba shi ruwa daidai gwargwado har ya kama ƙasa, daga nan sai a bari ƙasar ta bushe sosai kafin a sake ba shi. Idan ya zubar da wasu ganyaye a lokacin zafi, ba ciwo ba ne, halinsa ne a daji. Taki kaɗan ya ishe shi. A dai riƙa duba bayan ganye saboda farin ƙuda da ƙwarin da ke tsotsar ruwan tsiro, da kuma buzuzun da ke huda ganyen da dare.

Ba tsiro ne mai tsawon rai ba, sau da yawa yakan raunana bayan 'yan shekaru, saboda haka tun yana da ƙarfi ake shirya magajinsa. Bayan ya gama fure, wanda ya fi yawa a watannin sanyi da farkon bazara, a bar kwanson 'ya'yan ya bushe a jikinsa, a sa safar hannu wajen ɓarewa domin yana da ƙaiƙayi. Ɓawon ƙwayar yana da tauri, don haka a ɗan goge gefensa da takardar yashi, a jiƙa cikin ruwa mai ɗumi kwana ɗaya, sannan a shuka a tukunya. Ana iya yankan reshe mai tsawon kamar santimita 15 a kafa shi ya yi saiwa, kuma wannan ya fi sauƙi, sai dai abin da zai fito kwafin uwar ne kawai. Na fi son a haɗa hanyoyin biyu, a kuma bai wa maƙwabta abin da ya yi rara tare da bayanin tsibirin da ya fito. Kada a kai shi daji a dasa da kai. Wannan aikin hukuma ne da lambunan bincike irin su Lyon Arboretum da ke Honolulu, babban birnin jihar, waɗanda suke tantance asali da lafiyar kowane tsiro kafin a mayar da shi.