Yadda za ka gane ƙaramar hukumar da gidanka yake a Zariya

Garin da muke kira Zariya ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ce. Birni da Tudun Wada da Gyallesu suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Zariya, Samaru da Hanwa da Basawa suna ta Sabon Gari, asibitin koyarwa na Shika kuwa a ƙasar Giwa yake. Wanda bai san wannan ba zai sha wahalar zirga-zirga ranar da yake neman takardar shaidar asali ko izinin kafa rumfa.

Fara da katin zaɓenka, muddin a unguwar da kake zaune ka yi rajista. Akwai lambobi kashi huɗu a jikinsa: na jiha, na ƙaramar hukuma, na mazaɓa, sannan na rumfar zaɓe, kuma an rubuta sunan ƙaramar hukumar ƙarara. Zariya tana da mazaɓu 13, Sabon Gari 11.

Daga nan ka je wurin mai unguwa, domin a ganina babu wanda ya fi shi sanin inda iyaka ta bi, musamman a sababbin unguwannin da gine-gine suka cinye gonaki har gidajen ƙaramar hukuma biyu suka haɗa katanga. Idan ya yi shakka, zai tura ka wurin dagaci ko hakimi. Ka dai tuna cewa iyakar gunduma ta masarauta ba kullum take dacewa da ta gwamnati ba, saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar da maganar a sakatariya.

Sanin dalilin wannan rarrabuwa yana taimakawa. A zamanin En'e, ƙasar Zazzau a hannun hukuma guda take. Gyaran 1976 ya samar da ƙananan hukumomi 301 a Najeriya, gwamnatocin soja suka yi ta ƙari har suka kai 774 a 1996, 23 daga ciki a jihar Kaduna. Kowace tana da kasonta daga asusun tarayya, da kujerar ciyaman da na kansiloli, shi ya sa kowane yanki ya riƙa neman a yanka masa tasa. Iyakar ta tsaya inda aka shata ta, gari kuwa ya ci gaba da faɗaɗa.

Idan fili za ka saya a bakin iyaka, ka nemi a rubuta sunan ƙaramar hukuma da na mazaɓa a takardar ciniki, ka kuma duba ko sun yi daidai da abin da ke rajistar KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, kafin ka sa hannu.