Yadda Nake Jiƙa Yadin Auduga Kafin Rini

Ba na tsoma farin yadi a baba sai ya kwana a ruwa. Wani dattijo a marinar Ƙofar Mata ne ya koya mini, dalilin kuwa sai daga baya na gane shi.

Auduga kusan kashi 90 cikin 100 selulos ce, wato sinadarin da ya gina zaren tsirrai. Ƙwayoyin ruwa ƙanana ne, kuma suna manne wa selulos, don haka sukan kutsa tsakanin sarƙoƙinsa, zare ya kumbura, ya buɗe wa baba hanya. Kananzir ba ya da wannan hali. Yagi takarda biyu, ka tsoma ɗaya a ruwa ɗaya a kananzir ka gani, ita ma selulos ce: ta cikin ruwa za ta yi laushi ta tattare, ta kananzir za ta jiƙe sharkaf amma tana nan a miƙe.

Saboda haka fara wanke yadin da ruwan zafi da sabulu, sitati da maiƙo su fita, don su ke tare ruwa. Sannan ka jiƙa.

Ruwan toka da kanwa na ƙara taimakawa, amma soda mai ƙarfi, irin ta yin sabulu, ta fi kumbura zare, har ya sha launi sosai. Wani masanin rini, John Mercer, ya gano haka a Ingila a 1844. Zuba sodar cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, kada ka kwara mata ruwa. Sa safar roba, ɗan'uwa. Har yau tabonta na nan a babban yatsana. Yadin zai ja baya, sai ka yanko da rara.