Yadda Ake Shirya Manyan Motoci Kafin Binciken 'Yan Rod Sefti

Duk wanda motocinsa na haya suka kai biyar a Najeriya, a idon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ya zama kamfanin sufuri, ko da kuwa ofishinsa benci ne a gindin bishiya. Tun shekarar 2007 hukumar ta fito da tsarin RTSSS na daidaita ƙa'idojin kiyaye haɗurra a harkar sufuri, wanda ya wajabta wa irin waɗannan masu motoci yin rajista, a zo a duba su, a ba su takardar shaida. Abu uku jami'an ke dubawa: kamfanin kansa, direbobinsa da motocinsa. Kuma ba sa karɓar "wallahi muna yi". Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu ba a yi shi ba.

Mataki na farko, ka ɗora wa mutum ɗaya nauyin. Tsarin ya bukaci a sami sashen kiyaye haɗurra da jami'in da ke shugabantarsa. Kada ka naɗa ƙaninka don cike gurbi. Nemi wanda ya san mota, ya iya rubutu, kuma yake da ikon cewa "wannan motar ba za ta fita ba" ko da an gama lodi, ko da kai mai motar ne ke matsawa. In ba ka ba shi wannan ikon ba, sauran matakan wahalar banza ce.

Na biyu, kowace mota da fayil ɗinta: takardar mallaka, lasisin mota, takardar ingancin hawa titi ta ofishin VIO mai duba lafiyar motoci, da inshora. Ka ɗauki fayil ɗin ka je gaban motar, ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. An sha canza inji a gareji a manta da takarda. Inshorar ma ka bincika ta a rumbun bayanan inshora na NIID ta intanet, domin ta bogi ta yi yawa, kuma mutum yakan biya kuɗinsa da zuciya ɗaya a haɗa shi da takardar da ba ta da tushe.

Na uku, direbobi. Mai jan tirela ko tanka lasisi mai ajin G ake nema a hannunsa, ba na ƙaramar mota ba. Ka ajiye kwafen lasisin kowa, da sakamakon gwajin ido da na hawan jini, da shaidar bitar da ya halarta. A nan akwai maganar da masu motoci ba sa son ji: yaron mota. Kowa ya san idan barci ya ci ƙarfin maigida cikin dare, yaro ake miƙa wa sitiyari. In yaron ya ƙware, ka kai shi ya yi lasisi, ka buɗe masa fayil a matsayin direba na biyu. In bai ƙware ba, a yada zango a Tafa ko Mararrabar Jos a kwana. Ka kuma tanadi littafin da ake rubuta lokacin tashi, lokacin hutu da lokacin isa, don shi ne zai nuna ba a tilasta wa direba tuƙin kwana da yini.

Na huɗu, kuma nan ne aikin yake, motocin kansu. Fara da birki. A tayar da mota, a bar iska ta cika, a kashe inji, a taka birki a riƙe, a zuba wa allurar ma'aunin iska ido. In tana sauka, akwai inda iska ke zurarewa, kuma wannan ita ce motar da za ta ƙwace a gangara. A tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankin iska. Sai taya. A jikin kowace akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Hukumar shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar ƙira, don haka 'yar gwanjo mai kyan zane tana iya zama matacciya. Kada a manta da safaya.

Na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya gadan-gadan a watan Fabrairun 2017, a tabbatar tana aiki, ba cire wayarta aka yi bayan an ɗaura ba. Iyakar gudun tirela da tanka a babban titi mai tagwayen hannu kilomita 60 ne cikin awa. Sauran kuwa sanannu ne: fitilun gaba da baya, sigina, madubi, waifa, tef mai ƙyalli a gefe da bayan bodi, tukunyar kashe gobara wadda wa'adinta bai wuce ba, da alamar kusurwa uku ta tsayawa, ba ganyen da ake zubawa a titi ba.

Masu tanka na da ƙari. Murafun sama da bawul su rufu gam, domin rayukan da aka rasa a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 da mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, man da ya malala bayan faɗuwar tanka ne silarsu. Tun watan Maris na 2025 kuma an hana lodin tanka mai cin lita 60,000 a defo.

Na biyar, littafin gyara. Kowace mota a rubuta ranar da aka yi mata juye, abin da aka canza, sunan makanike, a liƙa rasit. Haɗarin da ya taɓa faruwa shi ma a rubuta shi da dalilinsa da matakin da aka ɗauka. Kada ka zauna dare ɗaya ka cike littafin shekara da biro ɗaya. Jami'in da ya saba aiki zai gane, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da sauran takardunka ba.

Na ƙarshe, saura wata guda a zo, ka yi wa kanka binciken. Ka ɗauko makanike daga waje wanda ba ya jin nauyinka, ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya, jami'inka na rubutawa. Wadda ta faɗi a jingine ta, a karɓe makulli har a gyara. Ranar da jami'an suka zo, a jera fayil-fayil bisa lambar mota, direbobi su kasance a kusa. Duk gyaran da suka lissafa ka nemi kwafe, ka sa wa kowanne ranar kammalawa da sunan wanda zai yi shi.