Darasi na 7: Gajiyar Shugaban Sashe

A kowace ma'aikata akwai mutumin da yake tsaka mai wuya. Na sama suna ba shi umarni, na ƙasa suna kawo masa kuka. Shi ne shugaban sashe. Idan an sauya tsarin aiki, ko an rage ma'aikata, ba shi ya yanke hukuncin ba, amma shi zai tsaya gaban mutane ya yi bayani. Wani lokaci ma rana ɗaya ya ji labarin da su.

Irin wannan zama yana jawo gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya maganinta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga matsin wurin aiki take fitowa, kuma alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum, abin da ya saba yi da kyau ya fara gagarar sa. Wannan ba lalaci ba ne. A 2021 hukumar ta ƙara da cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari.

In kai ne na sama, "ka ƙara haƙuri" ba taimako ba ne, ai haƙurin yake yi tun farko. Kira shi ka ce, "Malam, wane aiki zan ɗauke maka?" Sannan ka ɗauke ɗin da gaske. Kafin a sanar da sauyi, a fara zama da shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ka ɗora wa nauyi kuma, ba shi ikon yanke ƙananan hukunce-hukunce ba sai ya jira sa hannunka ba.

In ke ce shugabar, rubuta ayyukanki a takarda ki kai wa na gaba da ke: "Ranka ya daɗe, ga ayyuka biyar, uku lokaci zai ɗauka. Wanne zan jinkirta?" Idan rashin barci ko ciwon kai ya ƙi tafiya, a ga likita.

Aikin gida: rubuta ayyuka biyu da kake yi a mako waɗanda wani zai iya karɓa, da sunan wanda za ka miƙa wa.