Darasi Na 9: Ka Bar Aiki, Bashin Mota Yana Nan

Akwai ayyukan da ba sa yiwuwa sai da mota. Mai tallan kayan kamfani daga gari zuwa gari, mai duba marasa lafiya a gidajensu, mai kai saƙo, direban da ke ɗaukar fasinja ta manhajar waya, duk sai da abin hawa. Da yawansu ba su da kuɗin saye lokaci guda, sai su karɓi motar bashi, su riƙa biya wata-wata. Muddin albashi na shigowa, ba a cika jin nauyin abin ba. Sai ranar da mutum ya ajiye aiki, ko aka sallame shi, sannan nauyin ya sauko masa gaba ɗaya. A wannan darasi za mu karanta, mu yi lissafi, mu kuma rubuta wasiƙa.

Karatu

Wani magidanci ya sami aikin da aka ce sai mai mota. Ya karɓi mota bashi ta hannun banki. Wurin aikinsa suna ƙara masa alawus na mota a kan albashi, da shi yake biya. Bayan wata 20 aikin ya ƙare. Da dare ya tafi wurin yayansa, ya zauna ya yi tagumi.

"Yaya, ni fa saboda aikin nan na karɓi motar. Tunda aiki ya ƙare, ai sai su zo su ɗauki abarsu."

"Su wa za su ɗauka?"

"Kamfanin mana."

"Miƙo takardar in gani. Wannan sa hannun da ke ƙasa na wane ne?"

"Nawa ne, Yaya."

"To, ƙanena, banki bai san kamfaninku ba, kai ya sani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amma kwantar da hankalinka. Yaushe ne biya na gaba?"

"Saura kwana 12."

"Madalla, ba ka makara ba. Gobe da safe sai banki."

Sunan wa ke kan takarda?

Tambayar da yayan ya fara yi ita ce tushen komai. Idan kamfani ne ya sayi motar ko ya yi hayarta da sunansa, ya ba ka don ka yi aiki, to motar kamfani ce. Ka mayar da ita da makullanta, a duba lafiyarta a gabanka, a ba ka takardar shaidar an karɓa. Shi ke nan.

Idan wurin aikinka ne suka ranta maka kuɗin, suna cira daga albashi, nemo takardar rancen ka karanta abin da ta ce game da barin aiki. Irin wannan takarda sau da yawa tana cewa za a cire sauran bashin daga albashin ƙarshe ko daga garatuti, wani lokaci ma a ce a biya duka nan take. Ka nemi a rubuta maka lissafin, don ka san abin da aka cire da abin da ya rage.

Idan kuwa kai ka sa hannu da banki ko kamfanin ba da rance, bashin naka ne kai kaɗai. Alawus ya tsaya, amma ranar biya ba ta matsa ba. Yawancin mutane a nan suke, don haka a nan za mu daɗe.

Sai kuma ka san irin cinikin da ka ƙulla, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai wanda aka ba shi rancen kuɗi ya je ya sayi mota da kansa. Wannan motar tasa ce, yana iya sayar da ita ya biya bashi, sai dai in an yi jingina da ita. Akwai wanda yake biya kashi-kashi amma motar ba ta zama tasa sai ya biya kashi na ƙarshe. Wannan ba shi da ikon sayarwa sai da yardar masu bashi. A wasu yarjejeniyoyin ana rage biyan wata-wata, a ajiye wani babban dunƙule a ƙarshe, kuma mutane da yawa sukan manta da shi. Akwai kuma haya zalla, inda motar ba za ta taɓa zama taka ba, kuma mayar da ita kafin wa'adi yana da tara. A bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa za ka ji kalmomi biyu. Murabaha ita ce banki ya sayi motar ya sayar maka da riba sananniya, farashin da aka yanka tun farko shi ne bashinka. Ijara kuwa haya ce, motar ta banki ce har sai an mallaka maka.

Lissafi

Kafin ka yanke shawarar komai, nemo lambobi uku ka rubuta a littafinka. Na farko, nawa za ka biya yau in kana son rufe bashin gaba ɗaya? Masu bashi ne za su faɗa maka, kuma ka ce su rubuta. Na biyu, nawa motar za ta yi in an sayar da ita yau? Tambayi dillalai biyu ko uku, kada ka tsaya kan bakin mutum ɗaya. Na uku, nawa kake iya fitarwa duk wata bayan ci da sha da kuɗin haya da na makarantar yara? A wannan na ukun ne mutum yake yaudarar kansa. Rubuta abin da ke hannunka, ban da albashin aikin da ba ka samu ba tukuna.

Mu gwada da magidancin nan. Lambobin misali ne kawai, kana iya ɗaukarsu da kowane irin kuɗi.

Kuɗin mota 6,000 ne. Ya ba da kafin alƙalami 1,000, saura 5,000. Banki ya ɗora ribarsa 1,000, bashi ya zama 6,000, za a biya 100 duk wata har wata 60. Ya biya wata 20, wato 2,000. Saura 4,000 a takarda. Da ya tambaya, aka ce in zai rufe yau, 3,600 zai biya, saboda an sauke masa wani ɓangare na ribar watannin da ba a kai ba. Dillalai kuwa suka taya motar 3,000.

3,600 a cire 3,000, saura 600.

Ka ga abin da ya faru? Ko ya sayar da motar, ana binsa 600. Dalili shi ne mota tana faɗuwa a daraja tun ranar da aka fara hawanta, kuma faɗuwar ta fi sauri a shekarun farko. Motar aiki ta fi kowace faɗuwa, don ta sha tafiya. Wannan giɓi yana ɓata rai, na sani. Amma dubi abin da zai faru in ya yi shiru har aka zo aka ƙwace motar. Masu bashi sukan kai ta gwanjo, a gwanjo kuwa ba a cika samun farashin kasuwa ba. A ce an sayar 2,400, aka kuma ɗora masa kuɗin ɗauko mota da na ajiya 200.

3,600 a cire 2,400, saura 1,200. A ƙara 200, ya zama 1,400.

Babu mota, ga bashin 1,400 a wuya. Mutane da yawa suna zaton da zarar an ƙwace mota magana ta ƙare. A ƙasashe da dama ba haka ba ne, cikon yana nan ana binka.

Je ka same su tun ba su neme ka ba

Abin da nake so kowa ya riƙe daga wannan darasi shi ne lokaci. Wanda ya je banki kafin ranar biya ta wuce, da wanda ya kashe waya wata uku, ba kallo ɗaya ake musu ba. Kunya ce take hana mutane zuwa, ba mugunta ba. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ma'aikacin da za ka samu ba kai ne na farko da ya zo masa da irin wannan magana ba. Su ma sun fi son a biya su a hankali da su shiga wahalar ƙwace mota da gwanjo.

Ka tafi da takardar yarjejeniya, da rasit na biyan da ka yi, da takardar barin aiki. Ka tambaya ko za su ɗaga maka ƙafa na wata biyu ko uku, ko su tsawaita wa'adi don biyan wata ya ragu. Sai dai ka sani, tsawaita wa'adi yakan ƙara jimillar abin da za ka biya, saboda haka ka ce a nuna maka sabuwar jimillar kafin ka sa hannu. Duk abin da aka amince da baki, a rubuta shi. Ka kuma duba ko an haɗa maka inshorar biyan bashi tun farko, domin wasu suna biyanta ba su sani ba. Irin wannan inshora takan taimaki wanda aka rage a wurin aiki ko rashin lafiya ta kwantar, amma ba ta cika rufe wanda ya ajiye aiki da kansa ba.

In lissafi ya nuna ba za ka iya riƙe motar ba, sayarwa da yardar masu bashi ta fi jiran ƙwacewa. Mai saye ya biya kuɗin kai tsaye ga banki, kai kuma ka cika giɓin, ko ka roƙi a raba maka shi kashi-kashi.

Wasu ƙasashen sun ba mai biya kashi-kashi, wanda motar ba ta zama tasa sai ya biya kashi na ƙarshe, kariya a doka. A Birtaniya, dokar bashi ta 1974 ta ce wanda ya biya rabin jimillar kuɗin yana iya mayar da motar ya fita daga yarjejeniya, in dai ya kula da ita yadda ya kamata. Wanda ya biya kashi ɗaya cikin uku kuwa, ba a ƙwace masa mota sai da umarnin kotu. Da magidancinmu a can yake, jimillarsa 7,000 ce har da kafin alƙalami, rabinta 3,500. Ya riga ya biya 3,000, da ya cika 500 sai ya miƙa makulli. Kowace ƙasa da dokarta, don haka ka tambayi lauya ko ofishin kare haƙƙin masu saye abin da taku ta tanada.

Rashin biya kuma yana bin suna. Akwai hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, bankuna suna dubawa kafin su ba da rance. A Birtaniya tabon yakan zauna shekara 6, a Amurka shekara 7.

Abubuwan da ke jefa mutum cikin rami

Wani yakan miƙa wa aboki ko ɗan'uwa motar, a kan shi zai ci gaba da biya. Niyyar mai kyau ce, amma sunanka ne a takarda. In ya daina biya, kai za a nema. In ya yi haɗari, ƙila inshora ta ƙi biya. Idan da gaske yana so, ku je tare wurin masu bashi, su duba ko za su ƙulla sabuwar yarjejeniya da sunansa. Sayar da motar da ba ta zama taka ba a ɓoye kuwa, wannan yana iya kai mutum gaban alƙali. Haka nan cin sabon bashi mai tsada daga manhajojin waya don biyan na mota, tona rami ne don cike rami.

Wasu sukan ce bari su sa motar haya ta riƙa biyan kanta. Dabara ce da kan yi aiki, amma sai ka duba abu biyu: shin yarjejeniya ta yarda, kuma shin inshorarka ta rufe ɗaukar fasinja ko kaya? Yawancin inshorar motar gida ba ta rufewa. Ka lissafa mai da gyara da taya kafin ka kira abin da ya rage riba. Kuma duk tsanani kada ka bar inshora ta mutu alhali ana binka bashin motar.

In akwai wanda ya tsaya maka lokacin karɓar bashin, je ka gaya masa halin da ake ciki yau, da bakinka. In ka gaza, shi za a bi. Mutumin da ya yarda da kai har ya sa hannunsa bai cancanci ya fara jin labari daga wasiƙar banki ba.

Aikin rubutu

Kwafi wannan wasiƙa a littafinka, ka cike guraben da bayaninka ko na misalin da muka yi.

Zuwa ga Manaja,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ku cewa na bar aiki ranar ______. Lambar yarjejeniyata ita ce ______. Na biya wata ______ ba tare da fashi ba. Ina roƙon ku rubuto mini adadin da zan biya in zan rufe bashin yau, da hanyoyin sauƙi da kuke da su. A halin yanzu ina iya biyan ______ duk wata. Ina so mu zauna kafin ranar ______, wadda ita ce ranar biya ta gaba.

Na gode.

Sa hannu da kwanan wata: ______

Ka yi kwafi biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗaya a buga maka hatimin karɓa ka ajiye a gida.

Bayan haka ku zauna bibbiyu ku warware wannan: wata mata ana binta 2,800 in za ta rufe bashinta yau, dillali ya taya motarta 3,100. Tana iya biyan 60 kawai a wata, alhali yarjejeniya ta ce 90. Nawa zai rage mata in ta sayar? Nawa take gazawa duk wata in ta riƙe motar? Ku kawo amsarku a zama na gaba, kowa kuma ya zo da wasiƙarsa don mu karanta tare.