Yadda Za Ka Fara Koyon Aktin Kana Zaune a Jidda

'Yan uwa matasanmu na Jidda da Makka masu son fitowa a shirin talabijin, ba sai ka je Kano za ka fara ba, wayarka ma ta isa. Samu gajeren sin, wato ɗan ɓangare na fim, ka haddace maganganun har su zauna a bakinka, ka jingina waya daidai fuskarka, hasken taga ya zo ta gabanka ba ta baya ba, ka kashe esi don ƙararsa na cinye murya.

Abin da tsofaffin 'yan wasa ke nanatawa shi ne sauraro, wallahi nan ake gane gwani, lokacin da abokin wasanka ke magana kai ka yi shiru, me idonka ke cewa? Kyamara tana kusa da kai, ba dandamali ba ne, rage ihu da yarfa hannu.

Larabcinka ma kar ka raina shi, tun da aka sake buɗe sinima a Saudiyya a 2018 harkar fim ke ƙara buɗewa. Amma dan Allah kar ka ɗauki bidiyon mutane a titi ba izininsu, doka ta hana, kuma ka duba abin da iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ta yarda kafin ka karɓi aikin kuɗi.